Na sa wa kwamfutata ruwa amma zafi ya ƙi sauka: in ƙara lagireto?

"Assalamu alaikum Malam. Wata goma ke nan da na haɗa wa kwamfutata tsarin sanyayawa da ruwa, da hannuna na yi. CPU ɗina Core i9-13900K ne, katin hoto kuma RTX 3080, duka biyun a layin ruwa ɗaya suke. Ina da lagireto biyu masu tsawon milimita 360, famfo D5, tiyo mai laushi, ruwan kuma irin farin nan ne mai kauri wanda ba a ganin abin da ke bayansa. Tun ranar farko, da na kunna manhajar gwajin CPU ta Cinebench sai CPU ya kai digiri 100 nan take. Katin hoto kuwa da farko ba ya wuce 48 a wasa, yanzu yana kai 61. Ina tunanin sayen lagireto na uku in sa shi tsakanin katin da CPU, don ruwan ya huce kafin ya isa CPU. Shin hakan zai magance matsalar?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Da na karanta tambayarka sau biyu, sai na ga ciwo biyu ka kawo a matsayin ɗaya. Na CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da shi aka haifi layin, tun ranar farko yana nan kuma bai canza ba. Na katin hoto daga baya ya shigo, sannu a hankali, har ya ci digiri 13 cikin wata goma. Abin da yake nan tun farko yawanci laifin haɗi ne ko na saiti. Abin da ke ƙaruwa da kwanaki kuwa alama ce wani abu yana toshewa, ko yana bushewa, ko yana gajiya. Lagireto na uku ba lallai ne ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma akwai lamba guda da ba ka ba ni ba wadda ita ce za ta raba gardama: zafin ruwan kansa.

Hanyar da zafi ke bi

Ruwa ba ya kashe zafi, ɗan dako ne kawai. Zafin yana tashi daga ƙwayar silikon, ya ratsa murfin ƙarfen da ke kan CPU, ya ratsa man da ka shafa, ya shiga gindin bulok, wato ƙarfen nan da ruwa ke bi ta cikinsa. Daga nan ruwa ya ɗauka ya kai lagireto, fankoki su hura shi cikin iskar ɗaki. A kowace mahaɗa ana biyan haraji na wasu digiri. Saboda haka lambar da kake gani a manhaja jimla ce ta abubuwa uku: zafin ɗakin, da tazarar da ke tsakanin iskar ɗakin da ruwa, da tazarar da ke tsakanin ruwa da ƙwayar. Lagireto da fankoki da yanayin akwatin kwamfutar su ke da alhakin tazara ta tsakiya. Bulok da zamansa da mai da gudun ruwa su ke da ta ƙarshe. Wanda bai san zafin ruwansa ba, bai san wace tazara ce ta kumbura ba, sai dai ya yi ta lalube.

Ma'aunin zafin ruwa ƙaramin abu ne mai kama da marfin toshe rami, da zare irin na G1/4 da kusan duk kayan ruwa ke amfani da shi. Ka ɗaura shi a duk wata kafa da ba a amfani da ita, a tanki ko a lagireto, wayarsa mai baki biyu ta shiga inda aka rubuta T_SENSOR a madabod (babban allon da kayan kwamfuta ke zama a kai) in naka yana da shi, ko a na'urar sarrafa fankoki. Kafin ka samu, ko ma'aunin zafi mai waya ka manna a jikin mahaɗin ƙarfe na tiyo ka lulluɓe shi da salatif, zai ba ka lamba kusa da gaskiya. Ka kuma ajiye wani ma'aunin a gaban akwatin, inda iska ke shiga. Mutane da yawa suna kwatanta lambar yau da ta wata goma baya, sun manta ɗakin ma ya canza. In ɗakin ya ƙaru da digiri biyar, komai na cikin kwamfutar zai ƙaru da kusan biyar, babu wanda ya yi laifi.

Sai ka kunna wasa mai nauyi, ko ka haɗa Cinebench da FurMark, manhajar da ke wahalar da katin hoto, ka bar su aƙalla minti talatin, domin ruwa ba ya saurin kaiwa inda zai tsaya. Ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da wutar da kayan kwamfuta ke ja, ka rubuta zafin ɗaki, zafin ruwa, zafin CPU da wat nawa yake ja, zafin katin da na wurin da ya fi zafi a ƙwayarsa, da gudun famfo. A abin da na saba gani, ruwan da ya ɗara iskar ɗaki da digiri 10 ko ƙasa da haka yana nuna lagireto sun wadatar. Tsakanin 10 da 15 babu laifi, musamman ga mai son kwamfuta marar ƙara. In ya doshi 20, to nan ne maganar lagireto da iska ta taso. A kowane hali kada ruwan ya riƙa kusantar 60, domin nan ne iyakar da ake sa wa irin waɗannan famfuna, kuma tiyo ma yana yin laushi ya saki jiki tun kafin a kai can.

Batun sa lagireto a tsakani

Wannan tunanin kowa ya taɓa yinsa, ni ma na yi. A ido yana da ma'ana: katin ya dafa ruwa, ya miƙa wa CPU ruwan zafi. Lissafi ne ke rushe shi. Ruwa yana buƙatar kusan jul 4.18 (jul ma'aunin makamashi ne, wat ɗaya shi ne jul ɗaya a daƙiƙa) kafin giram ɗaya ya ƙaru da digiri ɗaya. In ka juya wannan zuwa gudu, lita ɗaya a minti tana ɗauke da kusan wat 70 a kan kowane digiri ɗaya. Famfo D5 mai lafiya a layi irin naka zai iya tura lita uku zuwa huɗu a minti. Mu ɗauki huɗu: wat 280 ke nan a kan digiri ɗaya. Katinka yana jan kusan wat 320, don haka ruwan da ya fita daga cikinsa bai fi wanda ya shiga da digiri ɗaya da 'yan kai ba. Wannan ɗan digirin shi ne iyakar abin da za ka ceto in ka sake jera layin, bayan ka ƙara tiyo da lanƙwasa da wuraren da ruwa zai iya yoyo. Doka ɗaya ce a jeri wadda ba a wasa da ita: tanki ya kasance kafin famfo kuma sama da shi, don kada famfon ya taɓa juyawa babu ruwa.

Lissafin nan yana da wani amfani. In kana da ma'auni biyu, ɗaya a inda ruwa ya fi zafi, ɗaya a inda ya fi sanyi, bambancinsu zai gaya maka gudun ruwan ba tare da ka sayi ma'aunin gudu ba. Da zafin wat 570 daga kayan biyu, bambancin digiri biyu na nufin ruwa yana gudu sosai. Bambancin digiri takwas na nufin bai wuce lita ɗaya a minti ba, wani abu ya shaƙe layin.

CPU da ke kai 100 nan take

Kalmar "nan take" da ka yi amfani da ita ta fi komai amfani a tambayarka. Ka ɗauka akwai lita ɗaya ta ruwa a layinka. Kafin ta ƙaru da digiri ɗaya tak, sai CPU mai jan wat 250 ya yi aiki kusan daƙiƙa 17. In kuwa cikin daƙiƙa biyar ya riga ya kai 100, ruwan ko rabin digiri bai motsa ba, lagireto ma bai san an fara aiki ba. Zafin ya maƙale ne a hanyarsa ta zuwa ruwa. Ko lagireto goma ka jera, waɗannan daƙiƙu biyar ɗin haka za su kasance.

Abu na farko da zan duba ba ya buƙatar sukudireba, wato wat nawa CPU ɗin ke ja. Intel ta sa wa 13900K iyakar wat 253 a lokacin aiki mai nauyi, da iyakar zafi ta digiri 100. Amma madabod da yawa na wancan zamanin sun zo da saitin da ya cire iyakar wutar gaba ɗaya, sai CPU ya yi ta ja har ya haura 300, ba abin da zai tsayar da shi sai bangon digiri 100. A wannan yanayin ingantaccen sanyi ba ya rage lambar zafi, sai dai ya ba CPU damar ƙara shan wuta. In HWiNFO ya nuna maka 300 ko fiye, to ba lallai ne akwai abin da ya lalace ba. Ka sabunta BIOS, wato manhajar saitin madabod, ka zaɓi saitin Intel na asali. Wannan sabuntawar tana da muhimmanci ko da ba don zafi ba, domin a 2024 Intel ta fitar da gyare-gyare ga CPU ɗinta zubi na 13, wanda naka ke ciki, da na 14 saboda matsalar wuta mai yawa da ke lalata wasu daga cikinsu a hankali. Da iyakar 253 da ruwa mai digiri 30, ina sa ran ganin tsakanin 80 da 90 da ɗoriya a Cinebench. Wannan lamba ce ta al'ada ga wannan CPU, ko da ta yi wa mai sabon layi zafi a rai. Ƙwayar ƙarama ce, zafin ya taru a wuri ɗaya, kuma akwai murfi a tsakani. Katin hoto ƙwayarsa faffaɗa ce, bulok yana zaune a kanta kai tsaye, shi ya sa yake jan wuta fiye da CPU amma ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba. Masu Ryzen 7000 ma suna yawan kawo irin wannan ƙorafi, alhali AMD ta tsara su ne su doshi 95 da gangan a aiki mai nauyi.

In kuwa ka ga 100 alhali wutar ba ta wuce 200 ba, to bulok ɗin bai zauna daidai ba, sai an ɗaga shi. Da tiyo mai laushi sau da yawa za ka iya yin haka ba tare da ka zubar da ruwan ba. Ka ɗaga shi a miƙe, kada ka murza, domin sawun man da ya bari shi ne shaidarka. Kafin komai ka duba gindin bulok ɗin: ledar nan mai haske da ake manna wa sabon bulok tana nan? Kada ka ji kunya. Na taɓa shafe yini guda ina zargin famfo da BIOS a wata kwamfuta da na haɗa da kaina, sai da na ɗaga bulok na tarar da ledar tana kallona, har da rubutun jan kunnen da ke jikinta. Daga nan ka karanta sawun. Zama mai kyau yana barin mai sirara ƙwarai a tsakiya, har kana hango ƙarfen, ragowar ta tsere gefe. In gefe ɗaya ya matse ɗaya ya yi kauri, ka ɗaure notinan ba daidai ba, ko wani mahaɗin tiyo ko wani abu a madabod ya tokare bulok ɗin. In tsakiya ce ta yi kauri, sama da ƙasa suka matse, ka haɗu da sananniyar matsalar soket ɗin LGA1700, wato gurbin da CPU ɗinka ke zama a madabod. CPU ɗin dogo ne, makullin soket kuma yana danna shi a tsakiyar dogayen gefensa, sai murfin ya ɗan lotsa daidai inda ƙwayar take. Maganin da ake yi shi ne a cire makullin a sa firam ɗin ƙarfe mai danna kewayen gaba ɗaya, irin wanda Thermalright da Thermal Grizzly ke yi. Wani ya samu digiri uku, wani ya samu kusan goma, ya danganta da yadda gindin bulok ɗinsa yake. Amma a ɗaure shi da hankali, domin in ka matse fiye da kima kwamfutar na iya daina ganin wani sashe na RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, kuma ka sani cire makullin na iya shafar garantin madabod.

Wajen mayarwa, ka tabbata farantin bayan madabod da ginshiƙan da ka sa na LGA1700 ne. Na tsohon soket LGA1200 tsayinsu ya bambanta kaɗan, sukan shiga kamar sun yi daidai amma matsin ba ya isa. Ka ɗaura notinan a gicciye, kowanne zagaye ɗaya ko biyu, ka koma na kusurwar da ke fuskantarsa, har su tsaya. Mai kuwa, a dogon CPU irin wannan na fi son in shimfiɗa shi sirara ko in ja layi a tsaye. Irin man da ka zaɓa ba zai ba ka fiye da digiri biyu ko uku ba tsakanin masu kyau, kada ka ɓata lokaci a nan.

Sai ƙofofin bulok. Yawancinsu suna da mashiga da mafita daban. Ruwa yana shiga ta tsakiya, wani siririn faranti mai tsaga ya feso shi kan ƙananan haƙoran da aka yanka a gindin, sannan ya fita ta gefe. In ka juya su ruwan zai wuce, amma za ka yi asarar 'yan digiri. Duba rubutun da ke jikinsa.

Katin da ke ƙara zafi da kwanaki

A nan ma'aunin ruwa zai raba maka hanya biyu. In ruwan ne ya yi zafi fiye da da, matsalar tana wajen lagireto. In ruwan yana nan yadda yake amma katin ya yi masa nisa, tana cikin bulok. Katin da ke jan wat 320 da bulok mai kyau yakan ɗara ruwa da digiri 10 zuwa 20.

Ɓangaren lagireto shi ne mai sauƙi. Ka cire murfin gaba da na sama da ragar tace ƙura, ka sake gwajin. In ruwan ya sauka da digiri huɗu ko biyar, akwatin ne ke shaƙe fankoki, abin da ya zama ruwan dare a akwatuna masu gilashi a gaba. Ka haska fitila ta cikin lagireton. Ƙura takan yi tabarma a tsakanin fanka da haƙoran lagireto, daidai inda ido ba ya kaiwa sai an kwance fankar. Ka duba kowace fanka tana juyawa, kuma ka san inda take hurawa: a fanka ta yau da kullum, iska tana fita ne ta gefen da ke da sandunan da ke riƙe da injin. Ɗan guntun takarda zai tabbatar maka. In lagireton gaba yana jawo iska ciki, na sama yana fitarwa, ka sani na saman iskar da ta riga ta ɗumama yake sha, don haka ba ya aiki kamar cikakken lagireto. Sannan ka duba abin da fankokin ke bi. Madabod yakan ɗaura gudunsu a kan zafin CPU. A wasa CPU ba ya wahala sosai, sai fankoki su yi kwance abinsu alhali katin yana zuba wat 320 a ruwa. Ka mayar da su su bi zafin ruwa, za su daina hawa da sauka kamar numfashi, kuma za su tashi a lokacin da ake buƙatarsu.

Amma in ka tambaye ni inda zuciyata ta fi karkata, farin ruwan nan nake zargi. Abin da ke ba shi wannan kaurin ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a cikinsa, kuma da zafi da tsawon lokaci sukan rabu da ruwan su kwanta. Ina za su kwanta? A wuri mafi ƙunci, wato tsakanin haƙoran bulok, inda ratar ba ta kai rabin milimita ba. Ga tiyo mai laushi, wanda wasu irinsa ke sakin sinadarin da ke sa su laushi, ya zama wani farin danƙo. Ga kuma dattin walda da ke cikin sabon lagireto, in ba ka wanke shi kafin haɗawa ba. Ukun nan in suka haɗu, wata goma ya ishe su. Na buɗe wani bulok da aka kawo mini bayan kusan shekara da irin wannan ruwan, na tarar rabin haƙoran sun toshe da wani abu kamar alli jiƙaƙƙe. Mai shi yana ta rantsuwa ruwa na gudu, domin yana ganin motsi a tanki. Gaskiya ya faɗa, yana gudu, amma ta 'yar hanyar da ta rage. Tun daga lokacin, ruwa mai kauri a wurina na kwamfutar da za a ɗauka hoto ne a zubar. Wadda za a yi aiki da ita kullum, garai nake sa mata.

Akwai gwajin da zai nuna maka wannan ba tare da ka kwance komai ba. Ana cikin aiki mai nauyi, bayan ruwan ya tsaya, ka sa famfo a rabin gudunsa na minti biyar, sannan ka kai shi ƙarshe. D5 yana kaiwa wajen zagaye 4,800 a minti. A layi mai lafiya bambancin zafin katin ba ya wuce digiri ɗaya ko biyu, domin bayan wani mataki ƙarin gudu ba ya ƙara komai. In ka ga biyar ko fiye, ruwan da kyar yake wucewa. Ka kuma tabbata lambar gudun da kake gani ta famfon ce, kuma wayar wutarsa ta zauna sosai. Ka bi tiyon da ido daga farko har ƙarshe, domin tiyo mai laushi yakan lanƙwashe a kwana bayan ya sha zafi, musamman a bayan akwati inda ba a dubawa.

Iska ma tana cikin waɗanda ake tuhuma. Lagireton sama shi ne matattararta, kuma duk inda kumfa ya zauna ruwa ba ya taɓa wurin. In kana jin ƙarar kwararar ruwa ko famfo yana ƙara kamar yana tauna tsakuwa, ko ruwan tanki ya ragu babu alamar yoyo, ka cika tankin, ka rufe, ka karkata akwatin gaba da baya da gefe-gefe famfo yana aiki, kana kashe shi kana kunnawa. Ka lura kada bakin famfo ya fita daga ruwa.

In duk wannan lafiya lau ne, saura man katin. Ka duba tazarar da ke tsakanin zafin ƙwayar da na wurin da ya fi zafi a cikinta. Digiri 10 zuwa 15 al'ada ce. In ta haura 20 kuma tana ƙaruwa, man ya gudu. Ƙwaya da bulok suna buɗewa da tsukewa duk lokacin da suka yi zafi suka huce, kuma ba daidai suke yi ba, sai su riƙa tura man waje kaɗan-kaɗan har tsakiya ta bushe. Mai ruwa-ruwa ya fi saurin gudu. Mai kauri ya fi jurewa, haka ma faifan nan na Honeywell, PTM7950, mai narkewa in ya ji zafi ya daskare in ya huce. In ka buɗe, kada ka canza kaurin faifan robar da ke kan ƙwayoyin ajiya da na wuta yadda ka ga dama. Rabin milimita na ƙari ya isa ya ɗage bulok daga kan ƙwayar, ka yi gyaran gangar Auzinawa. Ka bi kaurin da takardar bulok ɗin ta faɗa.

In aka kai ga wanki

Ka zubar da ruwan a farin mazubi ka duba shi. Ɓarɓashi fari ko toka-toka na launi ne ko na tiyo. Kore mai santsi gansakuka ce, ruwan ya rasa maganin kashe ta. Amma in ka ga ƙarfe ya ciccinye ko ya yi ƙuraje, ka binciki ko akwai alminiyam a layin. Jan ƙarfe da nikel da tagulla suna zama lafiya tare. Alminiyam da jan ƙarfe a ruwa ɗaya kuwa sai sun zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa narkewa yana toshe komai, kuma wanki ba ya maganin wannan sai an fitar da ɗayansu.

Bulok sai an buɗe shi, ɗauraya daga waje ba ta fitar da abin da ya daskare a haƙora. Buroshin haƙori mai laushi da ruwa da ɗan sabulu sun isa, kana bin tsawon haƙoran. Kada sifirit ya taɓa murfin roba mai kama da gilashi, yana sa shi tsattsagewa. Kada kuma ka jiƙa ƙarfe mai rufin nikel a ruwa mai tsami. Ka lura da yadda farantin feshin da zoben roba suke zaune kafin ka cire, ka ɗau hotonsu. Lagireto a cika shi rabi da ruwan ɗumi, a toshe, a girgiza, a zubar, a maimaita har ya fito garai, ɗaurayar ƙarshe kuma da tataccen ruwa irin wanda aka samu daga tururi. Tiyon da ya yi hazo a canza shi. Bayan ka haɗa, ka gwada yoyo da na'urar hura iska, ko ka kunna famfo shi kaɗai na wasu awanni babu wuta a madabod, da takardar goge hannu a ƙarƙashin kowace mahaɗa.

Daga nesa ba zan iya rantse maka cewa toshewa ce ba, tunda ban ga cikin bulok ɗinka ba kuma ban ji ƙarar famfonka ba. Mai yiwuwa ne ma abubuwa biyu ko uku ne suka haɗu, kowanne ya ci digiri huɗu. Shi ya sa nake roƙonka ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, kana maimaita gwaji iri ɗaya, kana rubuta zafin ɗaki kowane karo. In ka wanke, ka canza mai, ka juya fankoki duk a rana ɗaya, zafin zai sauka amma ba za ka san abin da za ka kiyaye nan gaba ba.

Lagireto na uku yana da ranarsa. In bayan an cire ƙura, iska tana shiga, fankoki suna bin ruwa, har yanzu ruwan yana ɗara ɗaki da 15 ko fiye, ko kuma sai fankoki sun yi ihu kafin su riƙe shi, to ka saya, ka sa shi duk inda tiyo ya fi sauƙin kaiwa kuma yake samun iska daga waje. Abin da zai ba ka 'yan digiri ne a ruwa da raguwar ƙara, kuma CPU da katin za su sauka da daidai wannan adadin. A daren nan dai ka fara da buɗe HWiNFO, ka kunna Cinebench, ka ga wat nawa 13900K ɗin ke ja a lokacin da ya taɓa 100. In ka samu wannan lambar da ta zafin ruwa bayan minti talatin na wasa, ka turo mini su tare da hoton sawun man.